Jajiberen Sabuwar Shekara a Unguwar Sinawa ta San Faransisko

Sabuwar shekarar Sinawa da lissafin wata take tafiya, tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Baƙon da ya shiga unguwarsu a birnin San Faransisko na Amurka ana saura kwana biyu ko uku, manyan tituna biyu zai tarar, kowanne da irin mutanensa.

Na farko shi ne titin Grant, wanda ake shiga ta wata ƙofa mai koren rufi da aka buɗe a 1970. Jajayen fitilu na reto a sama, rufin benaye ya lanƙwashe irin na gidajen ibadar ƙasar Sin, kantuna kuwa cike da tsarabar 'yan yawon buɗe ido. Galibin baƙi nan suke tsayawa, su ɗauki hoto, su koma.

Amma wanda ya daure ya hau tudu zuwa titin Stockton, shi zai ga jajiberen kansa. Tsofaffin mata na jan kekunan cefane, suna juya lemu ɗaya bayan ɗaya, domin launinsa na zinariya alamar arziki ne a wurinsu. Ana layin sayen kifi mai rai, saboda a harshensu kalmar kifi da kalmar rara sautinsu ɗaya. Ana sayen jajayen ambulan da za a sa wa yara kuɗi a ciki, kamar dai barka da Sallah. Kafin ranar, a share gida tas, a biya bashi. Ranar kuwa ba a taɓa tsintsiya, kada a share arziki waje.

Lalle wannan unguwa ba don sha'awa aka kafa ta ba. Sinawa sun zo haƙar zinariya bayan 1848, suka kuma yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Amurka, wadda aka gama a 1869. Ladan da suka samu shi ne dokar 1882 da ta hana leburorinsu shiga ƙasar, ba a kuwa soke ta ba sai 1943. Da girgizar ƙasa da gobara suka cinye unguwar a 1906, hukumomin birnin suka yi niyyar tura su bayan gari. Sai attajiransu suka yi hanzarin sake gini, suka sa aka ƙawata fuskar gidajen yadda za ta jawo 'yan kallo da kuɗinsu. Watau adon titin Grant garkuwa ne: unguwar da ke kawo wa gari riba da wuya a tashe ta.

To, amma garkuwa ba ta zama gida. Har yau akwai tsofaffi da iyalai masu zama a ɗaki ɗai ɗai, suna tarayya a madafa da makewayi. Waɗanda Allah ya buɗa wa sun ƙaura zuwa waɗansu unguwanni. Abin da ke komo da su shi ne cefanen wannan mako, da cin abincin daren jajibere tare da iyaye. Duk wanda ya san zaman zango a Kumasi ko Sabo ta Ibadan ya san haka: muddin 'ya'ya na komowa gaida tsofaffi ranar idi, unguwa na nan da ranta. Ran da suka daina, sai a bar wa masu ɗaukar hoto.