Daga Mai Yara zuwa Yamai, neman mai duba aiki

Bayan an gama cire gyaɗa na raka ɗiyar yayata daga Mai Yara zuwa Yamai. Ta kammala lisans ɗin ilimin halittu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, tana son ɗora mastar a kan binciken cutar daji. Mahaifinta bai hana ba, amma sai da ya ja ni gefe a zaure: "Malam, wannan karatu, likita za ta zama ko me?" Na ce masa likita majinyaci yake dubawa, ita kuwa ƙwayar halittar da ta ƙi daina hayayyafa za ta duba. Ya ce Allah ya sa albarka.

Ɗan kabu-kabu ya fitar da mu cikin rairayi, muka kwana Maraɗi, da asuba muka shiga babbar mota. Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, tafiyar sama da kilomita 600.

A Ƙonni na sayi ƙuli-ƙuli, ta karɓa tana jujjuyawa. "Kawu, ka san abin da nake son bincika yana nan ciki?" Gyaɗar da aka adana da sauran danshi takan yi fumfuna, fumfunar ta fitar da guba mai suna aflatoksin. Ba ta da ɗanɗano, suya ma ba ta kashe ta gaba ɗaya. Idan ta isa hanta sai ta manne wa ƙwayar gado, ta lalata wani sashe da ake kira p53, wanda aikinsa tsayar da ƙwayar da ta lalace. In kuma mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ya ninku. Na tuna maza nawa aka binne a karkararmu da kumburin ciki, aka ce sammu ne. Duk da haka ƙuli-ƙulin nan sai da muka cinye shi.

A Yamai muka tarar ba a fara daga sifili ba. Tun 1992 ake rajistar masu cutar daji, kuma a 2021 Cibiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Ƙasa ta fara gashi da haske, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya. Wata malama da aka haɗa mu da ita ba ta yi mata daɗin baki ba. Ta ce mastar shekara 2, dokta aƙalla 3, amma lissafin shekaru shi ne mai sauƙi. Sai ta samu mai duba aikinta, da ɗakin gwaji mai firjin da ba ya mutuwa, da kuɗin sinadaran da ake sayowa daga waje. Ta ambaci Zariya, ta ambaci cibiyar WACCBIP ta Jami'ar Gana, inda ake horar da ɗaliban Afirka ta Yamma kan ilimin ƙwayoyin halitta. "Ki koyi Turanci, ɗiyata. Faransanci kaɗai ba zai kai ki ba."

Abin da ya fi burge ni shi ne malamar ta hana ta sauya batun gyaɗar. Ta ce na'ura a ko'ina ake samunta, amma ɗalibar da matan Mai Yara za su buɗe wa buhunan gyaɗarsu ta ɗebi samfuri, ba kowace jami'a ke da ita ba.

Ɗiyar yayata ta ajiye takardunta, na bar ta gidan gwaggonta tana jiran kira, ni kuma na kamo motar dare zuwa Maraɗi.