Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Lissafin Wata ga Mai Buga Kaya Bayan Oda

A garin Mashi, kan hanyar Katsina zuwa Daura, babu telan da sai an koya masa cewa ba ranar jajibere ake karɓar ɗinkin Sallah ba. Azumi na raba tsakiya yake rufe littafinsa, kowa ya kawo yadi bayan nan sai dai ya ji "Allah ya kai mu bayan Sallah". Mai kiwon ragon layya ma tun da sauran watanni yake ɗaure shi a turke. Wannan ilimi ya girmi intanet, amma shi ne ya fi kuɓuce wa matashin da ya shiga sabuwar sana'ar buga kaya bayan oda.

Tsarin sana'ar mai sauƙi ne. Matashi zai yi zane a waya ko kwamfuta, ya ɗora hotonsa a jikin riga ko kofi ko kalanda, ya baje a kasuwar intanet. Ba a buga ko ƙwaya ɗaya sai mai saye ya biya. A ƙasashen waje kamfanoni irin su Printful da Redbubble ne ke bugawa su aika. A nan gida kuwa yawanci ta WhatsApp da Instagram ake ciniki, a buga a Katsina ko Kano, a ba direba saƙo a tasha. Daɗin abin shi ne babu kwantai, tunda ba a tara kaya ba. To, a nan rudun yake, domin wanda bai zuba jari a kaya ba yakan ɗauka lokaci ma kyauta ne.

Alhali lokaci uku ke tsakanin zane da hannun mai saye: na bugawa, da na isarwa, da na ganuwa. Biyun farko kowa ya san da su. Na ukun ne ɓoyayye. Manyan kasuwannin intanet suna jera kaya ne gwargwadon yadda masu bincike suka duba su, suka saya, suka yaba. Sabon kaya ba shi da wannan shaida, sai ya tara ta a hankali. A Etsy, alal misali, ana biyan santi 20 na dalar Amurka kan kowace haja da aka baje, kuma wata 4 take yi kafin a sabunta ta. Wanda ya baje ana saura mako ɗaya biki ya biya kuɗin rumfa, amma sai kasuwa ta watse za a san yana ciki. Ko a WhatsApp, mai saye yakan ga kaya sau da yawa, ya yi shawara da iyali, kafin ya turo kuɗi.

Shawarwarin da ke yawo kan wannan sana'a galibi daga Amurka suke, inda bukukuwa ke zaune daram. Kirsimeti ba ya barin 25 ga Disamba, shi ya sa mai kaya a can yake iya rubuta ranar fara shiri sau ɗaya, ya yi ta amfani da ita shekara da shekaru. Kasuwar Bahaushe kuwa wata take bi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wato tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11. An yi Ƙaramar Sallah a Najeriya ranar 21 ga Afrilu a 2023, da 10 ga Afrilu a 2024, da 30 ga Maris a 2025. Cikin shekara biyu ta matso da fiye da mako uku. Duk wanda ya riƙe ranar da ya fara talla bara, to bana ya makara tun bai fara ba.

Mafita ita ce a yi lissafi da watannin Musulunci, kuma daga ranar biki a ƙirgo baya. A ware kwanakin mota da na maɗaba'a, a ƙara musu, domin a goman ƙarshe na azumi kowace maɗaba'a cike take, ga wutar lantarki ba ta da alkawari. Abin da ya rage shi ne lokacin ganuwa. Bisa wannan lissafi, zanen Ƙaramar Sallah a Rajab ya kamata a kammala shi, a baje shi a Sha'aban. Na Babbar Sallah kuwa tun a Shawwal. Kofuna da kalandun biki suna da nasu lokaci, wato rububin ɗaurin aure gabanin azumi da kuma bayan kaka. Mai son cin kasuwar Maulidi da Sallar Gani ta Daura, waɗanda ke zuwa a Rabi'ul Awwal, a Safar ya kamata a fara ganin kayansa.

Akwai kuma tarko a cikin zanen kansa. Ranar Sallah ba ta tabbata sai an ga jinjirin wata, Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato. Mashi tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma a 2024 Nijar ta yi Sallah ranar 9 ga Afrilu, kwana ɗaya kafin Najeriya. Rigar da aka buga wa kwanan wata na iya yin ƙarya a ɗaya gefen iyakar. Wadda ta tsaya kan "Barka da Sallah" kuwa za ta sake shiga kasuwa baɗi, tare da duk shaidar da ta tara.

Sai dai sammako kaɗai ba ya sayar da kaya. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. Aljihun manomin Mashi bayan girbin gero da wake yake nauyi, na ma'aikaci kuwa a ƙarshen wata. Sallar da ta faɗo 21 ga wata ba daidai take da wadda ta faɗo 30 ba. Don haka kalanda uku mai kaya zai ɗora a kan juna: ta wata, da ta damina, da ta albashi.

Bisa lissafin masana taurari, a 2030 azumi zai kama sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Wanda ke ƙirga shekararsa daga Janairu zai ga abin ya zo masa a ba-zata. Wanda ke bin wata kuwa Sha'aban ne kawai ya sake zagayowa, kuma zai same shi da kayansa a baje.