Fatsar Yara Da Tukunyar Uwargida

Uwargida, in dai a ƙasar Morai kike, ko Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, kin san tun da aka kammala madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978 ruwa ya biyo magudanai ya iske mu har bakin gonaki. Inda ruwa ya je kuwa kifi na biye, yara kuma na biye da kifi. To, tunda hana ɗa namiji zuwa fatsa ya fi ƙarfin yawancinmu, ni dai na ga ya fi mini in san abin da ke hannunsa, in ma sa nawa hannun a ciki.

A gidanmu na tashi ina ganin yayyena na haɗa kayansu, ni ce mai riƙe musu zare. Yau ga shi 'ya'yana uku maza suna yi, kuma kusan duk kayan daga cikin gida suke fitowa. Sandar reshen geza ce, domin tana lanƙwasa ba ta karyewa. Zaren kuwa, in babu kuɗin na roba, sai a warware tsohon buhun taki a murɗa sili biyu ko uku a cinya kamar mai tufka.

Ƙugiya ita ce aikin da nake yi da kaina. Ki sami allurar ɗinki ƙarama, ki tura bakinta cikin garwashi har ya yi ja, sannan ki kama da filaya ki lanƙwasa a hankali. In kika lanƙwasa ta da sanyi, tsinkewa za ta yi. Daɗin allura shi ne tana da kafarta, nan za a zura zare. Aibinta kuma ba ta da ɗan haƙorin nan na ƙugiyar kasuwa, don haka sai yaro ya iya fizga da zarar kifi ya ja, kada ya sassauta. Kada ki yi ta babba. Karfasa da kawara, waɗanda su ne abin kamun yara, bakinsu ƙarami ne, babbar ƙugiya sai dai su yi ta cinye abincin suna barin ƙarfen. Shekarun baya autana ya dage sai an yi masa irin ta tarwaɗa, ya yini ya dawo da rana a ka kawai, tun daga ranar bai ƙara yi mini gardama ba.

Abin da zai yi iyo a sama ya nuna kifi ya taɓa, tsohon silifa ne a yanko guntu kamar ƙwayar goro. Abinci kuma tana, ga ta nan gindin randa da wurin wanke-wanke, ko gara. Ina dama musu 'yar dusa su watsa a wurin kafin su jefa, kifi ya taru.

Saura abin nauyi da ke nutsar da ƙugiya, kuma a kansa ne na ɗauki biro. Yara sun koyi fasa tsohon batirin mota ko na babur su ciro dalma, su narka ta a gwangwani, wani ma a murhun da ake tuwo, wani ya matse ta jikin zare da haƙori. 'Yar uwa, mu mutanen Zamfara bai kamata a tsaya yi mana bayanin dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, lokacin da ake daka duwatsun zinariya cikin gidaje, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo. Gubar nan ba ta da wari, ba ta da zafi, kuma wanda ba ta kashe ba takan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ɗan notin keke daga wurin mai faci yana yin aikin daidai. A gidana duk wanda na gani da batiri, fatsarsa ta mako ta tashi.

Haka nan gidan sauro. An raba mana shi don zazzaɓin cizon sauro, sai ki ga an ɗinke shi an ja cikin ruwa. Idanunsa ƙanana ne ƙwarai, yana kwaso har 'ya'yan kifin da ba su kai farce ba, ga magani a jikinsa, ga jariri kwance babu kariya. Masunta na gaskiya da Sarkin Ruwa ba su son wannan, balle zuba guba. Na kuma gaya wa nawa, in sun kama karfasa suka ga ƙwai cike da bakinta, uwa ce take reno, domin a baki take ɗaukar 'ya'yanta, su mayar da ita. Da farko dariya suka yi mini, sai da babban ya buɗe bakin wata ya gani da idonsa.

Sharaɗina da su kaɗan ne. A tsaya a gaɓa, ba a shiga ruwa, domin magudanar siminti santsi gare ta, ruwan kwance kuma nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama. In kika ga jini a fitsarin yaro kada ki yarda da masu cewa balaga ce, ciwo ne, kuma akwai ƙwayar maganinsa a asibiti. Ba a zuwa shi kaɗai, ba a yin nisa da gari saboda halin tsaron da muke ciki, kuma la'asar sakaliya kowa na gida.

In sun kawo bakwai ko takwas, nakan kankare in fede, in shafa gishiri da yaji, in soya rabi. Sauran in kyafe a kan waya da ɗan hayaƙi, in daka a zuba a miyar kuka. Ranar maigida ba ya ba da kuɗin nama, ni kuma ba na tuna masa.