Argungu Bayan An Watse Biki: Masu Cura Tuwon Kifi

Na san da an ambaci Argungu abin da zai faɗo muku a rai shi ne hoton nan na talabijin, dubban maza sun ruga a guje sun afka cikin ruwan Matan Fada, kowa da gorarsa da homarsa, can sai ga wani ya saɓo giwan ruwa kamar ɗan maraƙi. Wannan bikin ya samo asali ne tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwatawa da Kabawa, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. To amma biki kwana nawa ne? Sauran kwanakin shekara ai mutanen garin suna cin kifi, kuma yadda suke samo shi ne ya kai ni can.

A Birnin Kebbi na fara yada zango, gidan wata ƙawata da muka yi sakandare tare, aure ya kai ta. Garin ya zama babban birnin jiha ne a 1991, nan ne kuma fadar Sarkin Gwandu take. Idan kika tsaya ta gefen tsohon gari kika hanga ƙasa, sai fadama shimfiɗe iya ganinki, shinkafa kore shar, gulbi yana lanƙwasa a tsakiya. Gulbin nan shi ne Rima, wanda ya haɗu da gulbin Sakkwato ya biyo ta Argungu, ya wuce nan, ya je ya faɗa Kwara. Washegari muka shiga mota, tafiyar da ba ta wuce awa guda ba, sai ga mu a Argungu gidan gwaggon ƙawar tawa.

Mun leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, muka ga masu da takubba da tambura da kayan su na da. Yana da kyau ku je. Ni dai hankalina yana gida, don tun shigowarmu wani wari mai tsami-tsami ya tare ni daga bayan madafa, na kasa haƙuri na tambaya.

Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, tuwon kihi na. Taho ki gani."

Wata yarinya ce zaune gaban ƙwarya, ba za ta wuce sha biyar ba, jikar Gwaggo, hannunta dumu-dumu. Dusa ce aka zuba wa tafasasshen ruwa tun jiya aka rufe ta kwana, shi ne ta yi wannan tsamin. Yanzu tana murza ta tana barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, sannan ta gutsuro yumɓu kaɗan ta haɗa, ta cura kamar curin fura amma ya fi shi girma, ta jera a faifai a rana. Na ce to yumɓun fa na mene ne, kifi yana cin ƙasa? Ta ce a'a Anti, riƙo ne. Idan dusa zalla ce, da ta taɓa ruwa sai ta watse, igiyar ruwa ta kwashe ta tun kafin isha, tarko ya kwana wayam. Idan kuma yumɓu ya yi yawa sai curin ya zama dutse, ƙanshi ba ya fita, kifi ya wuce abinsa. Ana so ne ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan har asuba. Ma'aunin yana hannunta, ba cokali ba gwangwani, da ta matsa curin ta san ya yi ko bai yi ba. Wallahi sai na tuna yadda muke fama da kwaɓin alkaki.

Kowane kifi kuma da abin da yake so. Karfasa da 'yan uwanta masu cin ganye da gansakuka su ne mutanen dusa. Tarwaɗa da kurungu, masu gashin bakin nan, da shi suke ɗanɗana ruwa cikin duhu, su sai abu mai ƙarni, hanjin kaza ko kan kifi da ya kwana, ko katantanwa da aka fasa. Akwai masu sa bula, wannan curin tuwon na mutanen yankin da ake ajiyewa cikin ruwa kwana da kwanaki, don ita dama ta saba da zaman ruwa ba ta saurin narkewa. Tana kuwa ta masu ƙugiya ce, yara ke haƙo ta a bakin fadama. Giwan ruwa, sarauniyar biki, ba ruwanta da tuwon kowa, kifi take ci mai rai.

Da la'asar sakaliya kawun yarinyar ya zo ya ɗauki faifan, muka bi shi har bakin ruwa, nesa da Matan Fada, don wancan wurin a killace yake ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, ba a su a cikinsa sai lokacinsa ya yi. Tarkon nasa gura suke ce masa, wasu kuma su ce mali, saboda masuntan ƙasar Mali ne suka yaɗa shi. Tsumagu ne aka lanƙwasa aka ɗaure, ƙasa da faɗi sama a tsuke, aka lulluɓe da raga, da ƙofofi ta ƙasa masu kama da mazurari, shiga da sauƙi fita babu hali. Ya jefa curi biyu a kowanne, ya danne da dutse, ya tura shi cikin ciyayin gefe. Na lura yana juya babbar ƙofar ta kalli inda ruwa ke gangarawa. Ya ce ƙanshin can yake tafiya, kifi kuma biyo shi yake yi ya hauro, to ya tarar da ƙofa a buɗe. Gura goma sha biyu na ƙirga.

Ƙawata da ba ta rabo da tsokana ta raɗa min cewa ashe haka muke yi wa samari, turare da murmushi a bakin zaure, ƙofa kuma mazurari. Na ce ke dai ki ji tsoron Allah, wa ya san waye kifin waye gurar.

Wani abin mamaki, a wasu ƙasashen wannan aikin wasa ne na masu hutu. A gaɓar tekun yammacin Kanada mutane kan fita da ƙananan jirage su saka tarkon jatan lande don nishaɗi, har abincin kyanwa na gwangwani suke hudawa su sa a ciki saboda ƙarninsa da maiƙonsa. Dabarar ɗaya ce da ta yarinyar nan, abu mai wari wanda zai daɗe yana fita a hankali. Mu kuwa jatan landen da muke dakawa a miya busasshe ne, daga bakin teku can kudu ake kawo mana shi. Da na ba Gwaggo labarin abincin kyanwa sai ta riƙe baki ta ce, "Kyanwa ma da nata gwangwani? Allah mai iko."

A gidan nan dai babu maganar nishaɗi. Mahaifin yarinyar ya rasu, kuma kifin gurar nan shi ne cefane, shi ne sabulu, shi ne kuɗin jarrabawar da take tarawa a asusun ƙasa don ta gama sakandare. Kawu ya kamo, Gwaggo ta soya, ita ta kai bakin tasha bayan an tashi makaranta. Dusar ma yanzu ba a samunta a banza. Da can bayan an yi surfe maƙwabta kyauta suke bayarwa, yanzu masu kiwon tumaki da kaji sun sa ta yi daraja, musamman gab da babbar sallah. Ga shinkafa ta bunƙasa a jihar, tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu a 2017, sai ka ce dusa za ta yi arha. Gwaggo ta ce ta shinkafa idan da ɓuntu a ciki ba ta kama jiki, ita ta fi yarda da ta gero ko ta dawa.

Abin da ya fi ci wa Kawu rai shi ne masu zuba guba. Wani marar imani zai tsiyaya maganin ƙwari a ruwa da dare, da safe kifi ya taso fari fat, babba da ƙarami har ƙwai, ya kwashe na kwashewa ya kai kasuwa, mu saya mu ci da 'ya'yanmu. Bayansa sai a yi makonni gura ba ta kama komai a wurin. Akwai kuma masu su da gidan sauron da aka raba wa masu ciki da masu goyo, wanda ko ɗan kifi kamar tsinke ba ya tsira. Ni a ganina wannan ba talauci ne kaɗai ba, har da son zuciya, don Kawu ma talaka ne, amma a gabana ya mayar da ƙananan karfasa ruwa. Sai kuma ruwan kansa, wanda tun da aka gina madatsar Bakolori da ta Goronyo zuwansa da janyewarsa ya dogara da buɗewa da rufewar can sama. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar, Kawu ya ce ta tafi masa da gura sun fi rabi.

Da asuba bayan salla muka koma da fitila, sanyin gulbi yana ratsa mayafi. Uku na farko babu komai sai kaguwa ɗaya, yarinyar ta yi shiru tana murza gefen hijabinta. Na huɗu da ya ɗago sai muka ji facal-facal, tarwaɗa biyu manya da kurungu yana ƙugi. Da aka gama zagaye kifin ya kusa cika ƙaramin daro. Ta durƙusa tana warewa, na gida gefe, na tasha gefe, tana lissafi da baki a hankali. Hanjin da Gwaggo za ta cire ta ce kada a zubar, na gurar yamma ne. Sannan ta wanke hannu da toka har sau biyu saboda 'yan ajinsu masu tsokanar ƙarni, ta ɗauki jakarta, bakwai saura.