Gefen kwalta, na mai mota ne ko na mai keke?

Tun lokacin Zinder Sabuwa a 2018 aka gyara mana hanyoyi, aka kafa fitilu, mun gode. Amma har yau ba a ware wa mai keke ko taku ɗaya ba.

Ku tsaya bakin kasuwar Dole ranar Alhamis ku gani. Motoci sun jeru a gefen kwalta, 'yan kabu-kabu sun cike abin da ya rage. Ɗan lakwal da ya taso daga Birni a kan keke dole ya kutsa tsakiyar hanya, tsakanin adaidaita da babbar mota. In kuwa ya raɓi motocin da ke tsaye, wani ya buɗe ƙofa ba tare da ya waiga ba, shi ke nan, sai asibiti.

Masu kiranmu a rediyo kan ce a hana ajiye mota kawai. Mu dai ba mu ga haka za ta yiwu ba. Ɗan kasuwa ba zai bar motarsa a Sabon Gari ya tako da kaya a ka ba. Dabarar da wasu biranen suka kama ita ce a sauya wuri: a matso da layin motocin da ke tsaye wajen tsakiya, a bar wa keke siririyar hanya tsakaninsu da bakin shaguna. Motar da ke cutar mai keke sai ta zama garkuwarsa. Sai dai a bar tazarar kamar mita 1 saboda buɗe ƙofa, kuma kada a yarda a ajiye mota dab da mararraba, don direba mai kwana ya hango yaro.

Ba sai mun je Turai ba. A Wagadugu manyan hanyoyi da dama suna da layin masu ƙafa biyu daban.

To amma fenti kaɗai ba zai yi mana ba, mun san halinmu. Sati guda mai shayi ya dasa tebur, mai kabu-kabu ya mai da wurin tasha. Ga rairayi da iska ke tarawa a gefe, ga ruwan damina. Sai an sa dakalin siminti, an bar kafar ruwa, an kuma san wa zai riƙa shara.

Muna roƙon ma'aikatar magajin gari ta gwada a hanya guda tukuna, wadda 'yan makaranta suka fi bi da safe, ta kuma zauna da shugabannin 'yan kabu-kabu da na kasuwa kafin a zuba siminti.