Daushe da Ganga

Mu ba mashaya ba ne, kuma hukuncin giya a Musulunci ba ya bukatar sharhinmu. Amma duk wanda aka taɓa gayyata biki a Inugu ko Anaca, ko da a matsayin baƙon da aka ware wa lemo, ya ga yadda ake ɗaga kwalba a karanta takardar jikinta kafin a buɗe. Mu da karatu ya zame wa sana'a, takardar ce ta ɗauke mana hankali. A jikin mai tsadar akwai sunan tudu, da sunan gidan da ya noma inabin, da shekarar da aka tsinke shi.

Inabin kan tudu, irin na Morgex da ke tsaunukan Italiya inda gonaki ke kaiwa mita 1,200, a hankali yake nuna, domin sanyin dare ba ya barin tsaminsa ya gudu. In farar giya ake so, sai a matse ruwan a raba shi da ɓawo, a ɗura a gangar katako mai cin lita 225 ko 228, a adana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa wata da watanni. Kullum tana ɗan ƙafewa, ana bi ana cikawa. Tun 1935 Faransa ta yi dokar da ta hana a liƙa wa kwalba sunan yankin da ba can aka noma ta ba.

Mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada. To, ai mu ma muna da tamu gangar, sunanta huhu. Sabon goro yauƙi gare shi, ba ya gamsar da wanda ya san goro. Sai an shimfiɗa ganye a kwando, an jera shi an lulluɓe, an riƙa kwancewa lokaci lokaci ana tsince wanda sankara ta kama kada ya ɓata 'yan'uwansa, har kaka ta wuce kasuwa ta yi ƙarancinsa, sannan ya amsa sunan daushe, kuɗinsa ya tashi. Kakanninmu fatake ba su bar shi ba asali: ga ɗan Gwanja, ga ɗan Labuje na ƙasar Nufe. Ko girmansa sai da suka raɗa masa suna, daga goriya zuwa marsa zuwa minu. Ibo ma sun shaide mu a kansa. Nasu mai ɓari da yawa, wanda muke kira hannun ruwa, shi suke fasawa da addu'a. Namu mai ɓari biyu kuwa suna ce masa gworo, ko oji Awusa, wato goron Hausawa, alhali a ƙasar Yarbawa ake noma akasarinsa.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, a iya zagayenmu na zangunan Gabas, daga Ama Hausa da ke titin Owerri a Inugu, zuwa bakin gadar Anaca, zuwa kasuwar kayan marmari ta titin Kaduna a Fatakwal, kayan da muka fi gani a hannun mutanenmu na yau-yau ne: tumatur, karas, tsire, shayi, goron faranti. Kaya ne da ake son rabuwa da su kafin magariba.

Ba ƙarancin haƙuri ba ne. Ajiya tana bukatar ɗaki, ɗaki kuma yana bukatar mutumin da ya tabbata baɗi yana nan. Gidan da ya zuba ruwan inabi a ganga ya san jikansa zai gaji gonar. A shekarun 1950, lokacin da Malam Umaru Altine, Bafillacen Sakkwato, yake magajin garin Inugu, mai yiwuwa namu sun ji irin wannan natsuwar. Sai 1966 ta zo, aka kashe Ibo a garuruwan Arewa, abin da ba za mu ɓoye ba, 'yan Arewa kuma suka watse daga Gabas. Sun koma bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, har aka haifi 'ya'yan da Ibonsu ya fi Hausarsu kyau. A Fabrairun 2006 rikicin Maiduguri ya haifi ramuwar gayya a Anaca, aka sake gudu. Mutumin da ya ga haka, ribarsa gida yake aikawa, ya yi gini a Wurno ko Bichi, shi kuwa ya kwana a shago.

Wani dattijo mai goro kusa da masallacin titin Bida a Anaca, wanda ya ce shekararsa talatin a garin, mun tambaye shi ko yana ajiye daushe da kansa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, a ina? Saro shi nake yi, na mako guda." Ya ɗaga buhun da ya rufe ƙarƙashin teburinsa ya zaɓo mana fari guda biyu. Kusa da kwandon akwai jaka a ɗaure, da takalmi a kanta.