Kan keken tsere da na saya wa ɗana

Da babban ɗana ya ci jarrabawar shiga lise, na saya masa keke na hannu a kasuwar Maradi, irin mai faɗin taya da ake kawowa daga Turai. Bitesi bakwai a baya, uku a gaba, kansa miƙaƙƙe, burkinsa mai hannuwa biyu dogaye da ake kira V. Kilomita shida ne daga gidanmu zuwa makarantarsu, rabi kwalta rabi rairayi. Wata uku yana hawa lafiya lau, har ranar da ya ga ƴan tseren Tour du Faso a wayar wani abokinsa.

"Baba, a sa mini kai irin nasu mai lanƙwasa, a ƙara bitesi ya kai tara."

Da na ce a'a, da an huta. Amma ya kawo sakamako mai kyau, ni kuma ina ganin mutumin da ya fita daga ekol normal, ya yi shekara ashirin yana koyar da awo, keke ba zai gagare shi ba. Ban shawarci kowa ba, na zuba jika goma sha huɗu: kan tsere, wanda masu gyara ke kira gidon, da jerin faifan haƙora guda tara.

Ran asabar muka shimfiɗa tabarma muka kwance komai. Tun a nan aka fara. Hannuwan burki na da suka ƙi shiga sabon kan, duk da man da muka shafa. Daga baya na gane miƙaƙƙen kai kaurinsa milimita 22.2 ne a wurin riƙo, na tsere kuwa 23.8. Bambancin bai kai milimita biyu ba, amma ƙarfe ba ya jin lallashi. Na koma kasuwa na sayo hannuwan burki na tsere, suka zauna daram. Na ja waya na ɗaure, na ga robar tana taɓa ƙarfen taya, na ce aiki ya yi. Abin canza bitesi shi ma ya ƙi shiga, muka ɗaure shi da roba a tsakiyar kan kafin a samo dabara.

Ran litinin da la'asar ya dawo yana turo keken, gwiwa da tafin hannu duk a ƙuje. Amalanken jaki ne ya gitta masa a gangara, ya matse burki har hannun ya manne da kan, keken bai tsaya ba. Sai ya zaɓi faɗawa cikin rairayin gefen hanya. Uwarsa ba ta ce mini komai ba, ta dai ɗora ruwan zafi. Na so a ce faɗa ta yi.

Washegari na kai keken wurin wani dattijo mai gyara a bakin kasuwa. Ya matsa burkin sau biyu ya dube ni.

"Mushe, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Ni ne, Baba."

"To ka gode Allah."

Ya nuna mini abin da ban taɓa kawowa a rai ba. Ba kowane hannun burki ke jan waya tsawo ɗaya ba. Burkin V yana son hannu mai jan waya da yawa. Hannun tsere kaɗan yake ja, don an yi shi ne domin wani irin burki dabam. In ka haɗa su, a tsaye za ka ga kamar yana kamawa, amma da nauyin mutum da gudu, hannun zai ƙure kafin roba ta danne taya. Balle tayarmu da ke da ɗan karkata, dole aka bar wa robar tazara.

Na fito da faifan haƙora tara, ya yi dariya har da tari. Namu na bakwai murɗa shi ake yi a jikin cibiyar taya kamar noti. Na tara kuwa zura shi ake yi a kan wata cibiya mai tsaga-tsaga, wadda tayarmu ba ta da ita. Wato sai an sake tayar baya, ko a kwance ta a ɗinke da wata cibiya. Bayan haka sai sarƙa siririya, don tsakanin faifan bakwai milimita 5 ne, na tara bai kai 4 da rabi ba. Sai kuma abin canza bitesi mai ƙara tara, tunda na bakwai kowane "ƙas" yana tura sarƙa fiye da inda sabon faifai yake. Ya ƙara da cewa ko sunan kamfani sai an duba, don hannun SRAM da yawa ba sa tafiya da abin tura sarƙa na Shimano. Da muka lissafa, kuɗin ya kusa na keken kansa.

Sai ya tambayi yaron, "Ɗana, ina ne keken yake ba ka wuya?" Ya ce cikin rairayi da hawan tudu. Dattijon ya ce ba yawan bitesi yake nema ba, babban faifai yake nema. Ya cire namu mai haƙora 14 zuwa 28, ya murɗa wani mai bakwai ɗin dai, amma babbansa 34. Ya sa sabuwar sarƙa, ya mayar da miƙaƙƙen kai da burkinsa na asali, ya ɗaura ƙananan ƙahoni biyu a bakin kan don yaro ya samu inda zai sauya riƙo. Ni dai ina zaune bisa benci ina miƙa masa sifana, abin da ya kamata in yi tun farko.

Yaron ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure, don ƙahonin ba su yi kama da na ƴan tsere ba. Yanzu yana ratsa rairayin bai sauka ba. Kan tseren na kai shi aji, ƴan CM2 suna naɗa masa zare suna auna kewayensa. Faifan tara kuwa yana wurin dattijon, ya ce in an samu mai saye zai aiko. Wata biyar ke nan.